Mutumin da Ya Share Abincin Mangwaro

A ma'aikatar da yake aiki, kowa Baba Tsaf yake kiransa. Shekara talatin da ɗaya yana sharar farfajiyar, ba a taɓa samun ganyen da ya wuni a ƙasa ba. Direbobi sun ce ganye in zai faɗo sai ya leƙa ya ga ko Baba yana kusa. Tsintsiyarsa uku: ta safe, ta yamma, da wata 'yar guntuwa ta kashin tsuntsu. Abin da ya tara kuwa, bayan katanga yake kaiwa ya cinna masa wuta.

Mangwaron tsakiyar farfajiyar shi ya dasa shi, shekarar da ya kama aiki, kuma a gindinsa yake cin abincin rana. Sai dai shekara huɗu ke nan bishiyar ba ta yi ɗa ba. Ganye ya yi rawaya, inuwa ta yi huji-huji kamar tsohon zane. Manaja ya ce in damina ta wuce ba ta farfaɗo ba, a sare ta a kafa rumfar motoci.

Baba ya san maras lafiya tsafta yake so, sai ya mai da sharar sau huɗu a rana. Bishiya ta ƙara lalacewa.

Da abin ya ishe shi ya kirawo ƙanwarsa, mai lambu a bayan gari. Ta zo ta tsuguna, ta soka wuƙa a gindin, wuƙar ta lanƙwashe. Da ƙyar ta tono ƙasa cikin tafi, ba tsutsa ko ɗaya.

"Yaya, shekara talatin kana ɗauke mata kwano daga gabanta."

Ta ce masa hasken rana daga sama bishiya take samu, amma sauran cefanenta a ƙasa yake. Ganye ya faɗo, gara da tsutsa su ci, ya ruɓe, ruwa ya sauke shi ga saiwa, ta sha ta fid da sabo. Tsuntsun da ya ci 'ya'yanta ma yakan bar mata tukuici, shi ne wanda aka yi wa tsintsiya ta musamman.

"Ni ne ciwon ke nan?" in ji Baba.

"Kai da 'yar guntuwar nan."

Daga ranar ya juya kan tsintsiya, yana tura ganye zuwa gindin bishiya, ya kewaye da fasassun bulo. Bai taɓa aiki mai wuya irin wannan ba. Bayansa yake juya wa tarin in zai ci abinci. Direbobi suka koma ce masa Baba Juji. Manaja har gida ya aika a tambaya ko lafiya. Ranar da ya ɗaga ganye ya ga tsutsa ta farko, saura kaɗan ya kwashe ta, sai ya tuna ya ce mata sannu da aiki.

Kafin ruwa ya ɗauke, sabon toho jajawur ya rufe rassa. Manaja ya daina maganar rumfa, ya fara ajiye motarsa a inuwar. Tsuntsaye suka dawo, suka yi wa motar ado.

Kowace yamma Baba yakan kankare gilashin motar a hankali da 'yar guntuwar tsintsiyarsa, ya tara tukuicin tsuntsayen a tafin hannu, ya kai wa mangwaro abinsa.