Tumun Gwaggo da Keken Baba

Shekarun baya, mahaifina ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taƙaita, ya tashi, amma hannun dama ya zama sai a hankali, ƙafar ma ba ƙarfi kamar da. Abin da ya fi ci masa rai shi ne keke. Mutumin da tun yana saurayi bai san wani abin hawa ba, ga kekensa jingine a zaure, kaji na kwana a kai.

Yana da wata al'ada. Duk shekara in gero ya fara nuna a gonarmu ta Toranke, shi da kansa yake karyo tumun farko, ya ɗaure a bayan keke, ya kai wa yayarsa a Gafasa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shekarar ciwon, ni na kai mata a mashin. Ta sa mini albarka, ta ajiye tumun a gefe, ko a gasa ba ta ce ba. Da na dawo na faɗa masa, sai ya juya fuskarsa bango. Wallahi na ji tausayinsa har cikin raina.

Ina da aboki mai gyaran kekunan gwanjo a Gaya. Shi ya ce a gwada keke mai giya, don ƙafar ta samu sauƙi a rairayi. Muka gwada, amma canza giyar na buƙatar ƙarfin yatsa, kuma a hannun dama take. Muka haƙura.

Bayan wasu watanni sai abokin nawa ya kira ni: "Zo ka ga ikon Allah."

Cikin kayan gwanjo ya tsinci giya mai aiki da batir. Ɗan maɓalli kawai za ka taɓa, ka ji wani siririn ƙara, sarƙa ta koma inda kake so. Batirin bai fi kwalin ashana ba, ana cire shi a kai wa mai caji. Abokina ya haɗa ta a wani keke, ya mai da maɓallin hannun hagu.

Ni da ko faci ban iya ba, na tsaya gaban Baba ina zuba bayani kamar ni na ƙera ta. Na ce masa batirin kan yi makonni bai ƙare ba. Ya dube ni, ya ce, "To." Ya yi ta koyo a filin bayan gida har hannunsa ya faɗa. Wata rana na ji yana ce wa maƙwabcinmu, "Abin nan yana da ladabi, kana taɓa shi yake amsawa."

Mahaifiyata ce ba ta yarda ba. Ta ce, "Malam, in ka faɗi ko sau ɗaya, keken nan ya bar gidan nan." Kowa ya san Inna ba ta magana biyu.

Da gero ya nuna, Baba ya ɗaure tumu da hantsi, ya ce kada wanda ya bi shi. Yana fita Inna ta jawo ni gefe. "Bi shi daga nesa, kada ya gan ka."

Ina biye a mashin, sai na lura da ƙyar yake taka feda, kuma ko sau ɗaya bai canza giya ba. Na ce shi ke nan, kayan gwanjo ya nuna hali. Na yi ta zagin abokina a zuci, bawan Allah bai ji ba bai gani ba.

Kafin a shiga Gafasa akwai wani kwari da ruwan damina ke tara wa rairayi, daga shi sai tudu. Masu lafiya ma sauka suke yi su tura, shi kuwa ba shi da hannun turawa. Da ya isa wurin, sai keken ya yi tangal-tangal. Na kashe mashin, na laɓe a bayan gero, na rasa ko in fita ko in tsaya.

Ya sauka a hankali, ya jingina keken da wata ɗorawa. Ya sa hannun hagu a aljihu ya ciro hankici, ya warware. Batirin ne a ciki. Ya sunkuya ya maƙala shi, ya hau, ya taɓa maɓalli, ya sake taɓawa. Feda ta yi sauƙi. Ya ratsa rairayin nan sannu sannu, ya haye tudu bai sa ƙafa ƙasa ba.

Ashe yadda yake yi wa batirin rediyonsa haka ya yi wa wannan. Bai yarda da bayanina ba, sai ya cire shi tun daga gida, ya adana shi don wurin da ya san zai buƙace shi. Na yi dariya, na kuma ji hawaye.

A ƙofar gidan yayarsa ya kaɗa ƙararrawa. Gwaggo idonta ya yi rauni, amma daga ciki ta ɗaga murya:

"Auta ne?"

"Ni ne, Yaya."

"Da ƙafarka?"

"Da ƙafata."

Sai ta ce, "A hura wuta."

Baba bai ko waiwayo ba ya ce, "Kai kuma mai laɓe, shigo ka ci tumu. Tun daga bakin gari nake jin mashin ɗinka."

In na ji matasa na gardama ko giya mai batir ta fi ta hannu, ba na tsoma baki sosai. Na dai san ta sha ƙura da rairayi ba ta ba mu kunya ba, cajinta kawai za ka kula da shi. Har yau Baba na hawa zuwa masallaci da kasuwa, batirin na naɗe a hankici, kuma na daina yi masa musu.

Gwaggo ba ta ga kaka ta gaba ba, Allah ya ji ƙanta. Ranar nan ta ci tumu har tana neman ƙari. Da ni na sake kai mata a mashin, na san a gefe za ta ajiye shi.