Lasifika a Tagar 'Yata

Gwaji muke ce masa duk unguwa, har matarsa idan ta so tsokanarsa. Mai hayar lasifika ne, kuma bai taɓa miƙa wa mutum makirufo ba sai ya fara ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce, "Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu." Daga nan sai ya koma bayan amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ya zauna a kan akwatin wayoyi, ya bar masu magana da maganarsu. A wannan aiki ya yi furfura. Ya kai muryar 'yan siyasa da masu tallan magani kowane lungu na garin, amma kalmomin nan su ne iyakar abin da na san ya taɓa faɗa a lasifika. Yana da in'ina kaɗan, kuma yana jin kunyarta.

Shagonsa yana kallon ƙofar gidana, a jerin shagunan da hukumar gari ke ba da haya. Ɗaki ɗaya ne mai warin dalma, cike da tsofaffin rediyoyin da masu su suka manta da su. Kunnensa na hagu ya mutu tun yana koyon aiki, saboda tsayuwa a gindin lasifika, don haka idan za ka yi masa magana sai ya juyo maka da na dama kamar za ka gaya masa asiri. Jarinsa duka lasifikoki huɗu ne masu bakin ƙaho, irin na ɗaurawa a kan sanda, da manyan akwatuna biyu na zauren taro waɗanda yake lulluɓewa da bargo. Matarsa takan ce ita kanta ba a taɓa lulluɓe ta haka ba.

Bayan layinmu akwai kwari. Yawancin shekara busasshe ne, yashi da duwatsu, kuma ta cikinsa kowa ke yankewa zuwa kasuwa da makarantu domin gadar tana da nisa. Ruwan da ke cika shi ba a kanmu yake sauka ba. A kan tsaunukan da ke can sama da gari yake zuba, ya taru, ya gangaro gaba ɗaya. Sai rana ta take a unguwarmu alhali ruwa yana hanya.

Saboda haka hukuma ta sayo jiniya. Aka kafa ta a kan dogon ƙarfe a bakin kwarin, aka ce akwai na'ura a sama da za ta tashe ta da zarar ruwa ya taso. An gama komai, saura haɗa ta da wuta. Sai aka lulluɓe akwatin kunnawar da ƙyalle mai launin jam'iyya, aka ce kada kowa ya taɓa sai mai girma ya zo ya danna da hannunsa. Gwaji aka ɗauka aikin taron ƙaddamarwar. Ya kwashi kayansa, ya ɗaure, ya gwada, mai girma bai zo ba. Aka sa wata rana, aka sake ɗagawa. Har damina ta shigo ana ɗagawa.

'Yata ce ta fi kowa yi masa tsiya a kan wannan. Shi ya raɗa mata Lauya, domin ba a gama magana da ita.

"Baba Gwaji, yau ma an fasa?"

"An fasa, Lauya."

"To ku danna mana. Ba ku da yatsa ne?"

"Nawa ba mai girma ba ne."

Ta kama hannunsa ta duba da kyau. "Gaskiya ne. Duk ƙunar dalma."

Ta rasu wata Talata da la'asar, a hanyarta ta dawowa daga makaranta ta cikin kwari. Shekarunta goma sha huɗu. Babu hadari a sama. Ina cikin aji ina koyar da lissafi a ɗaya gefen gari lokacin da aka kira ni. Washegari aka same ta, ƙasa da gada. Ba ita kaɗai ba ce, akwai 'yan makaranta da masu dawowa daga kasuwa. Iyakar abin da zan rubuta ke nan game da ranar.

Mai girma ya zo bayan kwanaki. Kafin isowarsa an yaye ƙyallen jam'iyya daga akwatin. Ya tsaya a gindin ƙarfen ya ce ƙaddara ce, sannan ya ce jama'a su daina zuba shara a hanyar ruwa. Bai ɗaga kai ya dubi jiniyar ba. 'Yan adawa suka zo da yamma da masu ɗaukar hoto, ɗaya daga cikinsu ya roƙe ni in matsa kusa da ƙarfen in riƙe hoton 'yata a ƙirji. Na ce masa a'a. Duka tarukan biyu da kayan Gwaji aka yi su. Ya gwada wa waɗannan, ya gwada wa waɗancan, ya koma kan akwatinsa. Na lura duk tsawon jawaban, mataccen kunnen ya juya wa dandamali.

Sai aka kafa kwamiti. Kwamitin ya ce jiniyar ta zama shaida, ba wanda zai taɓa ta sai an miƙa rahoto. Aka sa mata sarƙa da kwaɗo. Na yi ta zarya a ofishin, ana ba ni kujera da girmamawa, ana ce mini ana kan aiki. Rani ya wuce a haka. Da aka fara ganin hadari a kan tsaunuka, mutane suka ci gaba da yankewa ta kwari, domin gadar ba ta matso ba.

Wata safiya Gwaji ya tsallako titi ya same ni ina goge mota.

"Malam, ka san yayata?"

"Mai awaki?"

"Ita. Gidanta na gindin tsauni. Duk ruwan da zai zo mana, ta ƙofarta yake fara wucewa. Kuma bakinta ba ya shiru, ko ba komai sai ta kira ni."

A ranar ya hau rufin shagonsa ya ɗaure lasifikokin nan huɗu, bakinsu yana kallon kwari. Ya haɗa su da batir saboda wutar gari ba abin dogaro ba ce. Wayarsa ya rataya a wuya ta ɓangaren kunnen da ke ji.

Kira na farko daga yayarsa ya zo da hantsi. Ina gida. Na ji an ƙwanƙwasa makirufo, an ce gwaji. Sannan muryarsa ta fito: "Ru-ruwa na zuwa. Ku fita daga kwari. Ru-ruwa na zuwa." Mutane suka watse, wata mai tallan robobi ta zubar da kayanta. Ruwan ya zo, iyakarsa idon sawu. Karo na biyu ko ɗigo bai iso ba, yashi ya shanye shi a hanya.

Yara suka fara kwaikwayon in'inarsa a titi. Mai faci, wanda rumfarsa ke kusa da shagon, ya samu abin yi.

"Gwaji, ruwan naka ya tsaya shan mai ne?"

"Ka dai yi gudu."

"Na yi, har wandona ya yage."

"To ka gode mini. Rabon da tumbin nan ya motsa tun kana ango."

Ni ma na yi masa magana, domin abin ya dame ni. Na ce yayarsa ba ta da abin auna ruwa, kuma idan aka kori mutane sau da yawa a banza, ranar gaskiya ba za su gudu ba. Ya saurare ni har na gama.

"Na sani, Malam. Ita jiniyar ta fi ni, ba ta in'ina. Ranar da suka cire mata kwaɗo, a ranar zan sauke nawa."

Ni kuwa ba ni da wata dabarar.

Kansilan mazaɓarmu ɗan unguwa ne, a gabanmu ya girma. Abin da ya kawo shi shagon wani bidiyo ne da ya bazu a wayoyi, inda ake ganin lasifikokin Gwaji a kan kwano, can bayansu kuma jiniya ɗaure da sarƙa. Ina zaune a bencin shagon ya shigo.

"Baba, kana tayar wa jama'a hankali. Gargaɗi aikin hukuma ne."

"To ku yi."

"Ana kan aiki. Amma duk lokacin da ka ɗaga muryar nan, mu ake zagi."

"Ban kira sunan kowa ba, ɗana. Ruwa kawai na ce."

Kansila ya sassauta murya ya matso. "Baba, ka sauke su. Tarukanmu na nan tafe, duk kai za a ba. Kuma ka tuna rufin nan na wane ne."

Gwaji ya juya masa kunnen hagu a hankali. "Ta nan kake magana. Ba na ji ta nan."

Ba a yi mako ba ma'aikata suka zo da akori-kura da tsani. Suka ce doka ta hana ɗaura komai a rufin shagon hukuma. Da Gwaji ya ga ɗaya ya zaro almakashi, shi da kansa ya hau.

"Kada ku yanke. Kwancewa ake yi."

Ya kwance musu huɗun duka, ya miƙa musu ɗaya bayan ɗaya, ya ce a jera su a kife kada ruwa ya shiga. Mai faci bai yi tsokana ba a ranar.

Saura akwatuna biyun da ke cikin bargo. Da su yake ci, tunda tarukan siyasa sun daina nemansa. Ba sa jure ruwa, ba a barin su a waje. Na ji matarsa tana ce masa, "In ka fitar da waɗannan, sai mu dafa rediyoyin mutane mu ci." Gwaji ya ci gaba da gyaran rediyon da ke gabansa. Abin da yake bukata shi ne ɗaki mai tudu, mai rufi, wanda tagarsa ke kallon kwari, kuma ba na hukuma ba. A layinmu ɗaki ɗaya ne irin wannan, a saman gidana. Ɗakin Lauya ne. Mahaifiyarta ta kulle shi tun ranar, ko ni ban shiga ba.

Bai roƙa ba. Na dai gan shi tsaye a ƙofar shago yana duban tagar, da ya ga na gan shi sai ya sunkuyar da kai ya koma ciki.

Na gaya wa matata yadda ake ciki, ban ƙara da ra'ayina ba. Washegari da safe ta yafa mayafi ta tsallaka titi, ita da ta daɗe ba ta leƙa waje ba, ta ajiye makulli a kan teburinsa tsakanin wayoyi.

"A cire takalmi," in ji ta. "Kada a taɓa mata littattafai."

Ni da shi muka hau da akwatunan, muna hutawa a kowace kwana. Ɗakin yana nan yadda ta bar shi, rigar makaranta ta canji a rataye, da abin sauraren kunne da Gwaji ya taɓa gyara mata da baƙin salatif. Ya gan shi, ya kau da kai. Muka jingina akwatunan a taga, ya ajiye amfilifaya da batir a ƙasa, nesa da teburinta.

Kansila ya dawo, wannan karon wurina.

"Malam, kai mai ilimi ne. Ka san abin nan ba tsari ba ne."

"Na sani. Gidana ne, ɗakin 'yata ne. In saukewa za ka yi, ga matakala."

Ya dubi matakalar. Matata tana tsaye a samanta, ta ce, "Sannu da zuwa. Ya mamanka?" Ya amsa gaisuwar, kansa a ƙasa. Bai hau ba. A bakin ƙofa ya ce mini za su dawo da umarni daga sama, na ce Allah ya kawo su lafiya.

Tun daga lokacin Gwaji yana mayar da masu neman haya, yana ce musu kayan suna aiki sai bayan damina. Gyaran caja da fitilun hannu yake yi. Matarsa ta fara sayar da ruwan sanyi a ƙofar shagon, tana yi tana mita, kuma ita ce ke tuna masa ya caja waya.

Shekaranjiya da la'asar, rana tana dukan bango, na ga Gwaji ya tsallako titi a guje ba takalmi. Na bi shi sama. Ya fizgi makirufo, bai ƙwanƙwasa ba. "Ruwa na zuwa! Ku fita daga kwari!" Gilashin tagar har rawa yake. Daga inda nake ina ganin 'yan makaranta suna hawa gaɓa da hannu da ƙafa, mai faci yana jawo wata tsohuwa. Wata yarinya ta juya za ta koma ɗaukar takalminta da ya zame. Matata, wadda ban san ta shigo ba, ta karɓe makirufon daga hannunsa.

"Ke mai jar jaka! Bar takalmin nan!"

Yarinyar ta bar shi. Ruwan ya zo ja wur, da rassan itace a kansa, ya cika kwarin zuwa rabi, ya tafi da takalmin.

Muka tsaya har ya fara ja baya. Jiniyar tana can a gefe da sarƙarta. Gwaji ya kashe amfilifaya, ya mayar wa akwatunan bargonsu, ya miƙa wa matata makulli.

Na ce, "Yau ka manta ba ka gwada ba."

Ya juyo mini da kunnen dama, na maimaita.

"Gobe da safe zan rama, Malam," in ji shi. "Zan ƙure sautin. Ofishin kansila ma ta wannan ɓangaren yake."