Kifin da aka sallama mini a bakin tafki

A farkon shekarun casa'in ni saurayi ne mai kaifin baki. Na bar lakwal, wato makarantar boko, ban gama ba, amma gani nake duk Madarumfa babu mai wayona. Gidanmu Kirista ne, babban aminin mahaifina kuwa wani Alhaji ne mai motar jigila. Shi ya kai ni bakin tafki, ya ce wa masunta ni ɗansa ne, su riƙa sayar mini da ɗanyen kifi ina kaiwa Maraɗi. Ban da wannan ba ni da wata sana'a.

Ciniki a wurin yana da ƙa'ida. In ka taya, mai kaya ya ce albarka, kowa ya kama gabansa. In ya ce ya sallama, kaya sun zama naka ko ba ka biya ba tukuna, ba zai ƙara sauraron kowa ba. Ni sai na mai da abin dabara: in taya nan a sallama mini, in ce ina zuwa, in zagaya in taya can, inda ya fi araha nan nake ɗauka. Samarin masunta sun gano ni, sukan ɗan jira su sayar wa wani.

Wata safiya na yi wa wani dattijo haka. Tarwaɗa ce cike da daro, na kushe ta son raina a gaban mutane, ya yi murmushi ya sallama. Na samu mai araha a gaba, na hau mota na tafi, ban ko waiwaya ba. Daga baya na ji cewa duk wanda ya zo taya sai dattijon ya ce kifin yana da mai shi. Haka ya zauna har rana ta take, motoci suka watse, kifi ya fara wari.

Washegari babu wanda ya zage ni, da ma zagin aka yi da ya fi sauƙi. Duk daron da na nufa, kafin in buɗe baki an ce albarka. Na kai kuka wurin Alhaji, ya ce ba kifi na ɓata ba, sunansa da ya ara mini na ɓata, ba zai sake tsaya mini ba. Kafin damina sana'a ta mutu, na shiga cin rani a Najeriya ina dako.

Bayan shekaru na dawo, na tarar da dattijon yana ɗinkin komar kamun kifi. Na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe tuntuni, ya kuma ce ran nan ba asarar kifin ta dame shi ba. Da ya ga ban dawo ba ya zaci wani abu ya same ni, har ya aika gidanmu a dubo. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Yanzu ina ganin yara suna ciniki ta waya, su taya, a sallama musu, su yi shiru. Don Allah ku daina. In kun fasa, ku faɗa. Wataƙila can akwai wanda ke zaune a rana yana korar masu saye, yana ce musu kayan naku ne.