Tarihin Sarkin Sanyi, Mai Makullin Ɗakin Kwamfutoci

Haihuwa da karatu

An haifi marigayi a shekarar 1961, a wani gari mai tsananin zafi. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa ungozoma. Ya karanci lantarki, ya fita da sakamakon da iyali ba sa ambatawa a gaban baƙi.

Aiki

A shekarar 1989 wani kamfanin inshora ya ɗauke shi kula da manyan kwamfutocinsa. A zamanin nan kowane aiki da tasa na'urar: ta albashi, ta saƙonni, da wata da ba wanda ya san aikinta amma ake tsoron kashe ta. Da yake ba sa jure zafi, ɗakinsu kaɗai ke da sanyi ko an ɗauke wuta, makulli kuwa na aljihun marigayi. Nan ya samo laƙabinsa da martabarsa. Manaja kansa yakan shigo duba aiki da rana tsaka, ya fito da shatin tebur a kumatu.

Aure da zuri'a

Ya auri wata malamar makaranta a 1990. Allah ya ba su 'ya'ya shida, waɗanda ya zuba a ɗaki guda, ya raba da labule.

Ƙarshen mulki

A shekarar 2017 kamfani ya ɗauko ƙwararriya ta rage masa kuɗin wuta, sai ga babbar 'yar marigayi. Ta tattara ayyukan na'urorin duka ta zuba cikin guda biyu. Da ya ce ba zai yiwu ba, ta ce, "Baba, wajenka na koya. Ɗaki ɗaya ne, an saka labule, kowa na ganin nasa ne."

Kuɗin wuta ya sauka, aiki ya daina tsayawa, aka yabe ta. Aka kuma ɗauke na'urar sanyaya ɗaki zuwa ofishin manaja. Cikin wata guda masu gaishe shi suka koma gaishe da manaja. Ya yi ritaya da mafici a hannu, bai sake kiran 'yar da sunanta ba sai "kamfani".

Rasuwa

Ya rasu a 2023 bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarsa da rana. Tsofaffin abokan aiki sun aiko da uzuri, saboda zafi. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya shida: ƙwararriyar, direba, malaman makaranta biyu, mai gyaran firiji, da auta. Ya kuma bar ɗaki guda, wanda magada suka raba da labule.