Kalmar da Malama Erlinda Take Rowarta

Shekara talatin da takwas, kullum kafin masunta su gama sauke kifi, Malama Erlinda Sabordo ta riga ta sha kofinta da ɗan burodi mai ɗumi, ta kama hanyar makaranta. Allinta a gwangwanin biskit take zuba shi, don a tsibirinmu komai jiƙewa yake yi. Turanci take koyarwa, kuma ranar Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki.

Mace ce mai kyauta, har abincin ranarta rabawa take yi. Abu ɗaya kawai take rowa, wata kalmar Turanci, "dainamik". Duk mai neman aiki a birni wurinta yake zuwa ta rubuta masa takardar shaida, kuma kowa so yake ta sa masa kalmar. Ita kuwa ta ce ma'anarta mutum mai ƙarfi a cikinsa, wanda ba ya barin wuri yadda ya same shi. "Kaza ma wuni take tana kai da komo," in ji ta, "me ta canza?"

Wata shekara tsohuwar ɗalibarta Nenita ta zo, tana neman aikin otal. Malama ta rubuta cewa mai gaskiya ce, mai tsabta, ba ta makara.

"Haba Malama, kalma ɗaya fa! Kowa da ita a takardarsa."

"'Yata, ban gani ba tukuna. Ran da na gani, da ƙafata zan kai miki."

Nenita ba ta samu aikin ba. Shekara biyu in ta hango Malama sai ta sauya hanya. Abin ya ci Malama a rai ƙwarai, don tana son yarinyar, amma ba ta janye ba.

Sai guguwa ta yaye rufin makaranta. Hukuma ta ce nan da kwana goma mai duba makarantu zai zo, in babu rufi za a rufe, yara su riƙa tsallaka teku zuwa babban tsibiri. Malama ta kwashe ajinta zuwa rumfar shanya kifi, tana koyarwa cikin ƙarni da ƙuda. Nenita ta zo wucewa, ta ji muryar Malama ta dushe, ta tsaya jim. Washegari ta bi gida gida ta tattaro mata, suka sari gora, suka saƙa ganyen kwakwa, ta tasa maza gaba da gori har suka hau sama. Rana ta tara rufi ya tsaya.

Da safe sai ga Malama a ƙofar Nenita da ambulan. Nenita ta karanta, sabuwar takardar shaida ce, ga kalmar nan a ciki, ta share ido da bayan hannu.

"Kin makara, Malama. Yanzu ba inda za ni."

Yau ita ce shugabar ƙauyenmu.

Malama, ke ce kika koya mana cewa yabo yana da nauyi, ba a ɗora wa mutum shi don a faranta masa. Ke ce kika yarda a yi fushi da ke, da ki yi wa ɗalibi ƙarya.

A taron sallama Nenita ta miƙa wa Malama takarda. Kalmar nan ce ita kaɗai a sama, a ƙasa sa hannun tsofaffin ɗalibai fiye da ɗari uku. Malama ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Kun tabbata? Ni me na canza?"

"Ɗaga kai ki duba, Malama," in ji Nenita. Ta ɗaga, ga mu nan cike da ajin har bakin taga.

Mun gode, Malama Erlinda. Masu riƙe da alli bayanta, ku yi koyi da ita: kada ku rubuta wa yaro abin da bai zama ba, ku tsaya tare da shi har ya zama.