Dokin Kawu da Dusar Mutane

Shekarar da na fara koyarwa a Haɗeja, na ari dokin kawuna zan je Auyo gaida iyayen yarinyar da nake nema. Ina tafe ina ji da kaina.

A bakin fadama na iske wani dattijo yana zuba wa dawakinsa dusa cikin tsohon kwalekwale. Dokina ya saki hanya. Na ja linzami, ko a jikinsa. Ya kutsa tsakaninsu ya sunkuyar da kai, na sulalo ta wuyansa, sai ga ni zaune cikin dusa.

Dattijon ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Sannu da sauka, Malam. Ai da ka yi sallama, da tabarma zan shimfiɗa maka."

Sai da dokin ya ƙoshi sannan ya yarda muka wuce.