Dillali Mai Bugun Zuciya

Ranar Alhamis a kasuwar shanu ta Maigatari, ga wani dattijon dillali durƙushe gindin turke, yatsu biyu a wuyansa. Zuciyarsa ce ke sukuwa, kuma da gani ba yau ta fara ba. Yana riƙe numfashi, yana kwara ruwan sanyi a fuska har ta lafa.

"Aljanunsa sun motsa!" in ji wani abokin sana'arsa, yana janye masa mai saye. "Zo, Alhaji, ga bijimi mai jini a jika."

Can dattijon ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya taka a natse, ya wage bakin bijimin gaban jama'a.

"Alhaji, dubi haƙoran. Wannan ai tsarana ne."